Hawayen Hsiu-chin a Teburin Foka

Lukang

Ƙanwata Hsiu-chin,

Bayan gaisuwa, da fatan kin koma Macau lafiya. Mu dai nan ba daɗi. Haba, yarinyar nan! Ubanki ya mutu, kin shigo gida da rarrafe yadda kowace ɗiya take yi, amma idonki a bushe ƙamas. Matar da muka biya ta yi kuka ma ta fi ki hawaye, dangi duk suna kallo. Na ji kunya ba kaɗan ba. Mama ta ce tunda karta ta cinye miki zuciya, kada ki tako mata gida ranar addu'ar kwana arba'in da tara.

Yayanki,
Wen-tai

Macau

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaida Mama in za ta amsa. Shekara ashirin ina horar da fuskar nan kada ta nuna komai, da haka na zama zakarar wasan kartar foka, inda fuska ke tona asirin katin hannu. Ranar nan na neme ta ta sake, ta ƙi. Cikina yana ƙuna, ita ko gezau. Ka roƙar mini Mama, ina so in zo.

Ƙanwarka

Jeju

Yaya,

Gaisuwa. Shiru ba amsa. Jiya a wasan ƙarshe na gasar da ake yi nan Jeju, saura ni da wani saurayi, mai raba karta ya miƙo hannu, sai na ga babban yatsansa a karkace irin na Baba. Kuka ya ƙwace mini, har da majina, a gaban kyamara. Katin hannuna kuwa na banza ne. Saurayin ya ƙura mini ido, ya yi murmushi ya ce, "Anti, wannan tarkon naki bai kama ni ba," ya zubar da nasa ya janye, a zatonsa kati mai ƙarfi nake ɓoyewa. Na ci kofin. Jaridu suna ta yabon dabarata. Na gaji, Yaya, kuma na sa hannu a wasu gasa shida. Saura kwana tara addu'ar. In zo?

Ƙanwarka

Lukang

Hsiu-chin,

Muna gaisuwa. Mama ta kalli wasan sau uku. Da safe tana yanka kabeji ta ce, "Kai da ka goye ta, kukan nan na gaske ne?" Kada ki ji haushina, ki gaya mini tsakanina da ke: na gaske ne?

Ki huta lafiya.
Wen-tai