Muryar Inna a Tashar Ojoo

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya zo Sabo, Ibadan, yana naɗar muryoyin mata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka da ma'aikatanka, na rubuto maka wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda sau uku ina rubutowa a asirce, amsar da na samu kuma ba ta taɓa abin da na tambaya ba. Ban ambaci sunan kamfaninku a nan ba. Kun san kanku, matan unguwarmu ma sun san ku.

Sunana Rukayya. A Sabo aka haife ni, a nan na yi Islamiyya, a nan Ibadan kuma na karanci kwamfuta. Ina aiki a wani ƙaramin ofis a Mokola, inda muke haɗa wa shaguna da makarantu intanet, mu sa musu kyamarori, mu gyara abin da ya lalace. Ma'aikatanka sun san ni, domin ni suka ɗauka na shiga musu gidajen matan aure lokacin da kuka zo. Ga kukana.

1. Abin da aka faɗa mana. Ma'aikatanka sun ce na'urorin yanzu suna jin Turanci, suna ɗan jin Yarabanci, amma Hausar 'yar Sabo, wadda take cakuɗe da "abi" da "oya", ba sa gane ta. Suka ce so kuke ku koya wa na'ura ji. Ba wanda ya ce mana za ta yi magana. Abin ya burge ni, na shiga gida-gida da wayar da kuka ba ni da wata takarda ta Turanci, ina fassara wa mata da baki, suna dangwala yatsa. Ba zan ɓoye laifina ba. A cikin takardar akwai wani layi da ya ba ku damar amfani da muryar a duk abin da za ku ƙera nan gaba. Na karanta shi na wuce, ban fassara musu ba, don ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita aka fi naɗa. Kunun aya da zoɓo take yi a gida, masu shaguna su zo su sara. Ma'aikacinka ya ce muryarta tana fita tar, babu gaggawa a cikinta, ya roƙi a ƙara. Wata uku, kullum bayan La'asar, nakan rufe tagar ɗakinta saboda ƙarar baburan okada, in riƙa faɗa tana maimaitawa: sunayen garuruwa, lambobi, gaisuwa iri-iri. Tana da ciwon asma, kafin ta fara doguwar magana sai ka ji numfashinta ya yi wani ɗan siririn fito. Wata rana ta dubi wayar ta ce, "Wai da gaske wannan abin yana jina? To ki ce masa ya yi haƙuri da numfashina."

Asmar ce ta yi ajalinta a daminar bara. Allah Ya jiƙanta.

2. Yadda na gane. Mu uku ne a ofishinmu: ni, da Nura, wanda shi ma ɗan Sabo ne, da Tunde, Bayarabe ɗan Mokola da yake jin Hausa sama-sama. Bayan Azahar mukan ture kayan aiki gefe, mu sayo amala a wurin matar da ke tsallaken titi, mu yi ta hira. Hirar masu irin aikinmu ba ta wuce waya da fim da waƙa. Ranar da abin ya faru, Nura ne ya soma da ƙorafinsa na kullum, wai wayarsa tana sauraronsa. Shi mutum ne da ya liƙe idon kyamarar kwamfutarsa da baƙin salatif. Ya ce jiya ya yi wa matarsa zancen takalmin makaranta, da safe ya buɗe waya sai tallan takalma. Tunde ya yi masa dariya, ya ce ba sai an saurare shi ba, wanda ya san inda kake kwana da abin da kake nema a intanet ya riga ya san me za ka ce. Daga nan muka gangara kan wani fim da muka kalla, inda kwamfuta ta ƙi yarda a kashe ta, sai kuma mawaƙan da suka mutu amma ake ta fitar da sababbin waƙoƙi da muryarsu. Ina cikin masu dariya. Har na ce wannan matsalar manya ce, wa zai saci muryar talaka.

Tunde ya ce ai abin ya iso Hausa ma. Wani kamfanin motoci a Ojoo ya buɗe layin waya, na'ura ce take amsawa, shi da kansa ya aika kaya Kano ta nan. Ya ce, "Rukayya, oya, ke ce mai Hausar, saurara ki faɗa mana ko ta iya." Ya buga lambar, ya buɗe lasifikar wayar, ya ajiye ta a kan tebur tsakanin kwanukanmu.

Abin da na fara ji ba magana ba ce. Numfashi ne, da ɗan fiton nan. Sannan ta yi sallama ta ce, "Sannu da kira. Ina za ka, Kano abi Sakkwato?"

Nura ya yi shekaru yana shan kunun Inna. Ya miƙe tsaye da hannunsa duk miya, ya ja baya har ya jingina da bango. Tunde bai lura ba, ya ci gaba da tsokanar na'urar da gurguwar Hausarsa, yana tambayar ƙarfe nawa mota take tashi, tana ba shi amsa a natse, tana jan "to" ɗinta kamar yadda ta saba. Sai da ya ɗago ya ga fuskokinmu sannan ya katse kiran. Nura ya faɗa masa da Yarabanci, a hankali, ko muryar wace ce. Tunde ya kife wayar a kan tebur ya ce, "Pele, yi haƙuri, Rukayya. Wallahi ban sani ba." Ba wanda ya ƙarasa abincinsa.

3. Abin da na gani a tasha. Washegari da safe na hau keke mai ƙafa uku zuwa Ojoo. A saman rumfar da ake yankar tikiti akwai wata babbar lasifika, ita ce take kiran fasinjoji. Ranka ya daɗe, Inna mace ce da ko ɗanta za ta kira daga ƙofar gida ba ta ɗaga murya, sai dai ta aika. Ga ta nan a tsakiyar direbobi da masu dako tana kiran masu zuwa Zariya, tana cewa kowa ya kula da kayansa. Na tsaya kusan awa ɗaya a gindin lasifikar. Bayan kowane kira uku ko huɗu sai ta yi talla, har da tallan wani maganin maza da ba zan iya rubuta kalmominsa a nan ba. Wani fasinja da ke kusa da ni yana cin rake ya ce wa abokinsa, "Wannan matar akwai murya." Ban san lokacin da na bar wurin ba.

4. Amsar da kuka ba ni. Ofishinku ya rubuto mini cewa muryar haɗi ce ta mutane da yawa, ba ta kowa ba ce. Da wani kuka faɗa wa haka, wataƙila ya yi shiru. Mu aikinmu ne. Nura da Tunde sun kwashi tsofaffin saƙonnin muryar da Inna ta riƙa aiko mini, suka naɗi layin motocin, suka jera su a kan allon kwamfuta, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ban iya kallo ba, na fita waje. Da na dawo Nura ya nuna mini inda suka yi daidai, har wurin da take jan sunan Funtuwa. Amma ni ba na bukatar allo. Na'ura ba ta da huhu, ranka ya daɗe. A ina ta samo asma?

5. Mahaifina. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Baba tsohon ɗan kasuwar goro ne, yanzu gwiwa ta zaunar da shi a gida. Na yi niyyar ɓoye masa, amma rabin masu zuwa Ojoo 'yan Sabo ne, wani ya kai masa lambar. Wata rana na dawo daga aiki bayan La'asar, ina cire takalmi a tsakar gida, sai na ji muryar Inna tana fitowa daga ɗakin Baba. Na san komai, na san na'ura ce, amma duk da haka sai da na nufi ƙofar ɗakin. Na leƙa. Yana zaune a kan darduma, wayar na kan gwiwarsa. Na ji ta ce, "Malam, yau ma Funtuwa ne?"

Malam take kiransa tun kafin a haife ni. Ya faɗa wa layinku sunan sau ɗaya, layin ya riƙe.

Ba tikiti yake nema ba. Yakan tambayi motar Funtuwa, garinsu na asali, don ta fara magana, daga nan sai ya shiga ba ta labari: gwiwar ta matsa masa, an yi sunan jikarsa, rufin kicin yana yoyo a inda ta sha faɗa masa ya gyara. Ita kuma ta ja numfashi ta ce, "Ban gane ba, sake faɗa." Sai ya sake faɗa. Da na shiga na durƙusa na fara yi masa bayani, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Na san ba ita ba ce, Rukayya. Da hannuna na kwantar da ita a kabari. Bar ni dai in ji."

Kullum yake kira yanzu. Zaman majalisa a ƙofar masallaci da ya saba yi tsakanin La'asar da Magariba, ya daina. Abin da shi bai sani ba, ni na sani: duk kalmar da ya furta tana tafiya rumbun ajiyarku. Maganar da dattijo yake yi wa matarsa ta shekara arba'in tana can a wata kwamfuta, inda kowane ma'aikaci mai izini zai iya buɗewa ya saurara yana cin abincin rana, kamar yadda mu ma muka saurari Inna.

6. Matan da suke raye. Maƙwabciyarmu Anti Talatu, wadda ita ma na naɗi muryarta, ta same ni a gida, ta zauna ba ta ko amsa gaisuwa sosai ba. Ta ce, "Rukayya, ke kika kawo mana abin nan. Ni ma idan na mutu haka zan yi ta magana a tasha?" Yanzu idan na shiga gidan biki ko suna da waya a hannu, sai in ga hira ta tsaya. Ba su zage ni ba. Shiru kawai suke yi har in mayar da wayar cikin jaka.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

A sauke muryar Inna daga layin motocin da lasifikar tasha. A goge asalin abin da na naɗa, kuma a bar Nura ya zo ya gani da idonsa, don ya san aikin, ba za a nuna masa allo a ce an yi ba. A goge duk kiran da Baba ya yi ba tare da wani ya saurara ba. Ku faɗa mini su wa kuka sayar wa muryar bayan masu motocin, domin har yanzu ban san ko a wurare nawa take magana ba, duk lambar kamfanin da zan kira sai gabana ya faɗi kafin a ɗauka. Sannan ku zo Sabo da kanku, ku zauna da matan nan, a karanta musu takardar da Hausa tun daga farko har ƙarshe, har da layin da na tsallake. Wadda ta ce a cire tata, a cire. Ni zan tsaya a gabansu in fara ba su haƙuri kafin ku.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne, amma kada a manta da shi. Baba bai san na rubuta wannan wasiƙa ba, kuma ban da tabbacin zai gode mini. Idan kun tsayar da ranar da za ku sauke muryar, ku sanar da ni kafin ranar ta zo. Zan nemi izini a wurin aiki in dawo gida da wuri. Ina so in kasance a zaune kusa da shi sa'ad da zai buga lambar wata baƙuwar murya ta ɗauka.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya sa albarka a sana'arka ta hanyar halal, Ya raya maka iyayenka idan suna raye, idan kuma sun rigaye mu, Ya bar su su huta.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Rukayya,
Sabo, Ibadan.