Gungumen Kiryar Baba

Daga Kallamu maƙerin fari a Ɗanbatta, zuwa ga yayana Jaji a Birnin Kano.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Amsa da yara. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Bayan haka, ƙanen matarka Dabo ya iso, na ba shi gefen maƙera yana ƙera fartanyu. Ya kuma isar da saƙonka, wai gungumen kiryar Baba gado ne, a tsaga shi a aiko maka da rabi. Haba, Yaya! Kai da ka ajiye masaba ka koma fataucin goro, me za ka yi da rabin gungume? Ko ka manta aikinsa ne, in tuna maka?

In na naɗe fallen tagulla ya zama bututu, na gasa shi ya yi laushi, sai in soya yashi a kasko ya bushe ƙarau, in ɗura, in toshe baki biyu da itace. Yashin ne ke hana cikin lotsewa. Sannan in maƙale bakinsa a turke, in kwantar da shi cikin gurbin da Baba ya sassaƙa kewaye da gungumen, in ja a hankali har ya zagayo ya zama munduwa. In gurbi ya yi faɗi bututu ya baje, in ya yi ƙunci ya tattare. Baba ya tsufa yana gyaran gurbobin nan, na farkon ma da wuyan hannun Inna ya auna shi. Rabin gurbi kuwa ba ya zagaya hannun kowa.

Da itacen nan nake ci da Inna. Na ɗauke shi daga maƙera na ɓoye, Dabo ko ganinsa bai yi ba. Ba zan tsaga ba, ko da gaban alƙali za mu je.

Allah ya bar zumunci. Ƙanenka,
Kallamu

*

Daga Kallamu zuwa ga Jaji.

Gaisuwa, don Musulunci ya ce a yi. Ina fata kuna lafiya. Mu dai muna numfashi.

Ruwan shuka ya sauka ina kasuwar Kunci. Manoma suka yi wa Dabo cincirindo suna neman fartanya, gawayinsa ya ƙare. Ka san maƙerin baƙi, in ya ga kirya gawayi kawai yake gani. Ya zagaya bayan rumbu, ya tarar da baƙin gungume cikin itacen girki, inda saƙonka ya sa na ɓoye shi. Ya faskara shi da gatari, ya turara a rami ya zama gawayi. Kafin in dawo har ya ƙera fartanyu da shi, yana ta yabon ƙarfin wutar.

Ya rantse bai sani ba, ya durƙusa yana kuka, kuma na yarda da shi. Kai nake jin haushi, Yaya, haushin da ban taɓa ji ba. Kana zaune a inuwar goro kana rabon abin da ba ka san nauyinsa ba.

Na gwada lanƙwasa bututu a jikin taɓarya, duk suka tattare kamar busasshiyar kuɓewa. Masu munduwa sun zo sun koma. Inna ta tsinci wani guntun gawayi mai ɗan alamar gurbi, ta zauna tana kara shi da munduwar hannunta.

Ka ce a raba, an raba. Gawayin da ya rage na auna shi da ƙwarya a gaban Inna, ɗaya gare ka ɗaya gare ni, ban ci maka ko gutsure ba. Dabo yana tafe da naka a taiki.

Na tambayi Inna ko in sa gaisuwarta, ta tashi ta shige ɗaki.

Wassalam. Ƙanenka,
Kallamu