Takardar Tana Cikin Rediyonka

Zuwa ga maigidana, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, gishirin da in babu shi miya ba ta ciwuwa. Yaya ƙafar? Allah ya sa ƙashin ya kama.

Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce ke rubuta mini, na ce kada ta gyara ko kalma ɗaya. Ban kira a waya ba, don kunnen nan naka sai an yi ihu, ni kuwa maganata ba ta ihu ba ce a gidan ɗa da suruka.

Malam, na ci amanarka.

Ka tuna takardar nan mai lambar sirri da makaranta ta ba jikarmu, Likitarka, wadda da ita ake shiga kwamfuta a zaɓi jami'a? Ranar da za a tafi da kai jinya gidan ɗanmu ka sa ta a hannuna, ka ce in riƙe ta kamar ido. To, jikar taka ta dawo tana tsalle, wai ta gama shawara da malaminsu, jami'ar da za ta sa a farko tafiyar yini biyu ce a mota. Yini biyu! Da ta tafi ɗebo ruwa na naɗe takardar, na cusa a bayan tsohon rediyonka, wurin batir.

Kwana uku ke nan tana nema. Ta zazzage akwati, ta ɗaga katifa, har buhun gawayi ta juye. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ina taya ta nema! Har faɗa na yi mata, na ce yarinya ba ta da ajiya. A makaranta sun ce sabuwa sai bayan sati biyu, ranar Juma'a kuwa ake rufewa. Jiya ta durƙusa tana ba ni haƙuri, wai ta kunyata kakanta. Wace irin zuciya ce a ƙirjina da ban tsage a wurin ba?

Hasken idona, kai kaɗai ka san abin da nake tsoro. Uwarta ma haka ta tafi, da dariya, da jaka ɗaya, sai jaririya aka dawo mana da ita. Ka tuna ranar? Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka cire rigarka ka lulluɓe ta, ka shigo kana rawar sanyi. Ka ajiye ta a teburin gyaran agogonka, tsakanin ƙananan kusoshi, ka ce wannan ita za ta yi mana karatun da ban samu ba. Na yi dariya, na ce ka bari ta fara haƙori tukuna. Shekara goma sha bakwai ina tsefe kan nan. In ta tafi, wa zai karanta mini takardar magani? Wa zai ce mini tsohuwa mai rigima?

Amma tsuntsu ba ya girma a tafin hannu, kai ka sha faɗa mini. Ni da ban san alif ba, ni zan rufe wa mai karatu ƙofa?

Mai ɗinki ta ce in jefa takardar bayan gado, in yi kamar tsintuwa na yi. A'a. Shekara hamsin ban yi maka ƙarya ba, sai wannan, kuma ta ishe ni nauyi. Yau in ta dawo daga makaranta zan ajiye rediyon a gabanta, in ce ta buɗe, in faɗa mata da bakina. Gobe ni zan raka ta shagon kwamfuta, in tsaya a kanta har ta sa waccan mai nisan a farko. In ta daina yi mini magana, na saya da hannuna.

Kai dai kada ka juya mini baya, ya bangon jinginata. Yi fushinka a can, ka gama, ka dawo ko da sanda ne. Gidan zai yi mana faɗi, agogunanka kaɗai za su riƙa magana, ba zan iya sauraronsu ni kaɗai ba.

Ga dangwalen yatsana a ƙasa. Taka ce ni, mai laifi, tun ranar farko har ranar da za a ɗauke ni.