A Buɗe Wa 'Yan Aji Biyu Akwatunan Tubalansu

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ke kula da makarantun firamare na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka shi daɗe, sunana Malama Hassatu, ina koyar da aji biyu a wata firamare da ke kan hanyar Kalambaina. Na zo ofishinka ban samu ganinka ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. A zangon karatun da ya wuce, ofishinka ya aiko mana da akwatuna na tubalan katako don koyar da lissafi: ƙanana guda-guda, da dogaye waɗanda kowanne ke tsaye a matsayin goma. Wanda ya kawo su ya ce kada a taɓa sai an zo an yi bikin miƙawa. An yi masa canjin wurin aiki, biki bai zo ba. Hedimasta ya ce ba zai buɗe ba sai da izininku. Na zo wurinku, aka ce ai kaya suna hannun hedimasta, in koma gare shi. Na koma, ya nuna mini kwaɗon sito, ya ce yana da iyali.

Na biyu. Ka san yadda muke ƙirga. Yaro ya ji "goma sha uku", sai ya rubuta goma, ya manna uku a gefe, ya kawo maka 103 yana murmushi. Ba wauta ba ce, abin da kunnensa ya ji ya rubuta. Alli ba ya gyara wannan. Sai ya riƙe dami ɗaya na goma a hannun hagu, guda uku a dama, kafin ya gane dalilin da ɗayan nan na cikin 13 ke zaune a inda yake.

Da na gaji da jira, na samo karan dawa daga gonar yayana a Dundaye, na yayyanka, muka ɗaure goma-goma da kyauro. Yara suka fara ganewa. Akwai wata yarinya, Rifkatu, ɗiyar wani makaniki, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Ita ce ta fara kwance dami da kanta don ta cire bakwai daga ashirin da biyu.

Na uku. Mai duba makarantu ya zo ya tarar da karare a kan tabarma. A gaban yaran ya ce na mayar da aji bola, alhali hukuma ta ba da kayan aiki na zamani. Na ce kayan suna kulle. Ya ce wannan ba huruminsa ba ne. Aka share kararen, aka gargaɗe ni. Yanzu na sito an hana ni, na gona an hana ni. Rifkatu ta koma rubuta 103, mahaifinta kuma ya zo ya tambaye ni, cikin ladabi, ko dai ɗiyarsa ba ta da kan karatu ne, ya sa ta koyon ɗinki. Na ce ya ƙara mini lokaci, ban kuma san abin da zan yi da lokacin ba.

Roƙona, ranka shi daɗe, ka ba hedimasta izini da bakinka ya buɗe siton. Ba ma bukatar rumfa ko jawabi. Ta tagar siton ina hango gara ta fara hawa akwatin ƙasa. In kuwa lallai sai an yi bikin, to a bar ni da kararena har ranar. In duka biyun ba za su yiwu ba, ka taimaka ka zo ajin ka faɗa mini abin da zan ɗora a hannun yaran nan ranar Litinin.

Allah shi ƙara maka lafiya, shi sa ka gama aiki da mutunci, shi raya naka 'ya'yan da ilimi mai amfani.

Wassalam.

Malama Hassatu,
Aji biyu.