Adireshin Gidanmu a Jikin Kwalin Kilishi

Assalamu alaikum admin da 'yan uwa na wannan gida. A ɓoye sunana don Allah, ko harafin farko kar a saka, akwai 'yan unguwarmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, abu ne ke cina a rai na rasa wanda zan faɗa wa.

A Enugu aka haife ni, a nan Obiagu. Asalinmu arewa ne, amma in ban da wasu salloli da aka kai mu muna yara ban san can ba, yaren Ibo ma wani lokacin ya fi saurin zuwa bakina. Babana mahauci ne a kasuwar Artisan, sai dai ciwon suga ya taɓa masa ƙafa, ba ya iya tsayuwar da yake yi a da. Da na ga gida ya fara ƙunci sai na fara tallan kilishi da dambun nama a waya. Baba ne ke yanka naman yana zaune, don har gobe babu mai hannunsa, ni da Umma mu yi haɗin tunkuza mu shanya a bayan gida. Allah ya sa wa abin albarka, oda na zuwa daga Fatakwal, Aba, Legas, har Abuja. Ba alfahari ba, yanzu da wannan sana'ar ake ɗora tukunya a gidanmu, da ita ake sayen maganin Baba.

Kafin in je ga zancen firintar da ta jawo mini wannan damuwa sai na gaya muku wata doka ta Baba, in ba haka ba za ku ce ina ta da hankalina a kan abin da bai kai ya kawo ba. A gidanmu ba a yi wa baƙo kwatance. Duk mai hulɗa da Baba a kasuwa yake samunsa ko a masallaci, ko abokin cinikinsa na shekara da shekaru bai san ƙofarmu ba. Dalili, ina ƙarama an yi wani rikici a garin nan, aka riƙa bin gidaje ana tambayar ina 'yan arewa suke. Ƙanen Baba da ke zaune tare da mu ya fita ranar, har yau bai dawo ba. Mu kuwa maƙwabciyarmu ce ta ɓoye mu, Mama Chidi, wata bazawara 'yar coci da muke haya gida ɗaya da ita. Ta tura mu ƙarƙashin gadonta, ta tsaya a bakin ƙofa da muciya a hannu tana cewa ai mun daɗe da tashi. Ina iya tuna warin kananzir na ɗakin. Tun daga lokacin ɗayan mukullin ɗakinmu a hannunta yake zama, in Umma ba ta nan ita ke zuba mana abinci, ni kuwa 'yata take ce mini. Ina roƙo kar a mayar da kwament wajen zagin ƙabila, ba shi ya kawo ni ba.

To da can da maka, babban alƙalamin nan, nake rubuta suna da lambar waya a jikin kwali. Duk mai sana'ar kilishi ya san maiƙo, ko yaya ka naɗe sai ya ratso, kafin kaya su isa rabin lambar ta narke. Direba ya kira ni yana masifa, kwastoma ta kira tana masifa, wani kwalin ma sai dai ya ƙare a cikin yaran mota. Na gaji. Na tambaya a grup ɗin 'yan kasuwa, wasu suka ce in sayi firinta mai tawada in riƙa yankawa ina liƙawa da salatif, wasu suka ce a'a, ƙaramar nan ta sitika da ke bugawa da zafi ta fi, ba ruwanta da tawada, da waya ma ake haɗa ta. Na zaɓi ta biyun saboda ba ni da kwamfuta, kuma wutarmu sai a hankali, ita kuwa akwai mai caji. Aka ce mini Onitsha za ta fi sauƙi, na shirya na tafi.

Ranar na sha wuya. Cunkoson Upper Iweka, mashigar Onitsha, kaɗai ya cinye mini safiya, na isa shagon ƙafata duk taɓo, kaina na sarawa. Mai shagon dai ya yi ƙoƙari, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya haɗa ta da wayata, ya saka naɗin sitika, na farko ya fito a karkace, rabin rubutun a sitika ɗaya rabi a ta gaba, ya danne maɓalli har ta gane girman takardar ta daidaita. Sai ya zo wajen cike bayanin mai aikawa, ya ce in ba shi adireshin shago. Na ce ba ni da shago. Ya ce dole a saka wani abu, in kaya ba su samu mai su ba ina za a mayar da su? Ni kuma hankalina na kan in samu mota in koma gida da haske. Wallahi ban yi tunanin komai ba, na buɗe baki na zayyano masa sunan layinmu, lambar gida, har da cewa get ɗinmu kore ne kusa da mai faci. Ya rubuta, ya adana, ya ce shi ke nan ba sai na sake taɓa wajen ba, sunan kwastoma kawai zan riƙa canzawa. Haka kuwa na yi. Rubutun ɗan mitsitsi ne a can kusurwar sama, idona kullum a kan babban sunan da ke tsakiya yake.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina, sitikar farko da na saya mai araha ce, in ta sha zafin but ɗin mota sai ta yi baƙi, in maiƙo ya taɓa ta rubutun ya dushe. Da na bar ta haka da ta rufa mini asiri. Amma ni da iyayi sai na nemo mai tsada, mai santsi kamar leda, wadda ruwa ba ya ci, mai ba ya ci. Har bidiyo na yi ina goga mata man gyaɗa ina nuna wa kwastomomi cewa namu ba ya gogewa. Baba ma ya ƙaunaci na'urar. In ina bugawa sai ya jawo kujera ya ce a ƙara ɗaya ya ji ƙararta, ya ɗauki sitikar ya juya ya ce zamani ke nan. Ba ya karanta boko, idon ma ya yi rauni. Watanni ina aika kaya a haka, ban san adadin kwalayen da suka fita ba.

Makon jiya da hantsi na tafi tasha kai kaya, wasu maza biyu suka sauka daga keke a ƙofarmu. Baba na zaune a tabarma yana shan iska. Ɗaya ya tambaye shi, "Na here be the Hausa people wey dey sell kilishi?" Wato ko nan ne gidan Hausawa masu sayar da kilishi. Baba ya ce ba nan ba ne. Ba su yi musu ba, ba su nemi saye ba, suka ɗan tsaya suna kallon gidan, ɗayan ya leƙa ta get, suka hau kekensu suka tafi. Iyakar abin da ya faru ke nan. Wataƙila masu son sari ne, wataƙila ba komai. Na bincika wayata kaf, babu wanda ya ce mini zai zo, babu wanda ya rubuto daga baya. Da na dawo na tarar da Baba ya naɗe tabarmarsa ya shige ɗaki hankali a tashe, ban taɓa ganinsa haka ba. Umma ce ta ce mini a kicin, ita ta hango su ta taga, ɗayan na riƙe da yagaggen kwali mai farar takarda a jiki yana dubawa. Ita ba ta ɗauke shi komai ba. Ni kuwa na shiga ɗaki na buga sitika ɗaya na kai ta kusa da idona. Ga adireshinmu nan, har koren get ɗin.

Nan take na goge shi a wayar, na mayar da shi sunan tasha. Amma waɗanda suka riga suka fita fa? Suna can a kicin ɗin mutane, a bola, a shagunan da ban sani ba, kuma ni da kaina na tabbatar ba za su goge ba.

Ina cikin neman yadda zan fara yi wa Baba bayani, ashe shi ya riga ya yanke hukunci. Mama Chidi ta sha faɗa a gabansa cewa tana yi mini talla a cocinsu, kowa ta gaya masa 'yarta na yin kilishi. Sai ya ce ita ce, ita ta nuna gidan. Da yamma ya same ta a tsakar gida tana wanki, a gaban sauran 'yan haya, ya ce mata ya gode da abin da ta yi a baya, amma ashe bakin da ya rufa musu asiri shi zai tona. Ta yi rantsuwa ba ta taɓa yi wa kowa kwatance ba, ta ce lambar wayata kawai take bayarwa. Bai saurare ta ba, ya ce ta ba shi mukullinsa. Ta tsame hannu daga kumfa ta shiga ta ɗauko, da ɗan jan zaren da ta ɗaura masa tun ina firamare. Ina tsaye a bakin ƙofa, na san gaskiyar amma na kasa faɗa. Tsoro ne, ba wani abu ba, kuma ina jin kunyar rubuta shi.

Yanzu Baba ya samo ɗaki ɗaya a bayan kasuwa inda 'yan uwanmu masu dabbobi suke, ya ce can za mu koma, ya yi magana da mai a-kori-kura ranar Asabar. Ɗaki ɗaya, banɗaki na haɗaka da samarin kasuwa. Umma kuka take tana ɗaure kaya, a gidan nan ta haife mu duka. Shekaranjiya ma Baba ya ce mini, "Ki buga mana irin takardar nan taki da ba ta gogewa, a liƙa a buhunan kar su cakuɗe." Na ce to, Baba.

Na san halin mahaifina. In na faɗa masa gaskiya, ranar sana'ar nan ta mutu, ba zai sake yanka mini ko tsoka ɗaya ba, kuma ya taɓa cewa duk wanda ya kawo baƙo ƙofarsa arewa zai tura shi wajen goggonmu da ke can. In sana'ar ta tsaya ban san da me za a sayi maganinsa ba. Sannan ina tsoron abin da zai same shi in ya gane ya ci mutuncin matar da ta tsaya a ƙofa dominmu, a kan laifin 'yarsa. Suga da hawan jini ba sa son irin wannan. Kuma ko na faɗa, wataƙila tashin ba fashi, tunda adireshin ya riga ya bazu. Wani lokacin sai zuciyata ta ce to meye amfanin faɗar, ki yi shiru a tashi, magana ta mutu.

Da zan iya da na yi shirun, sai abin da ya faru jiya. Ina shanya a bayan gida Mama Chidi ta zo. Tun ranar mukulli ba ta gaishe da kowa a ɗakinmu ba. Tana riƙe da wani tsohon kwalina, na kilishin da ta taɓa saya za ta aika wa ɗanta, tafiyar ta fasa suka cinye a gida. Ta miƙo mini, ta ɗora yatsa a kusurwar sama ta sitikar. Ita ta yi makaranta, tana karatu sarai. Ta ce mini da yarensu, "'Yata, na gani tun ranar. Ba zan kai wa babanki ba, ni ban iya tona yaran gidan nan ba. Ke za ki faɗa, in kin ga dama." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage ni ba, ta juya ta tafi tana jan silifas. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Don Allah iyayena da yayyena na wannan gida, me zan yi? In faɗa wa Baba kai tsaye kafin Asabar, ko in fara bi ta wajen Umma, ko in samu limamin masallacinsu ya zaunar da shi saboda jikinsa? Masu cewa in je in ba Mama Chidi haƙuri a ɓoye, na yi tunaninsa, amma a gaban mutane aka karɓe mata mukulli, haƙurin bayan gida ba zai wanke ta ba. Wanda ya san yadda ake gaya wa dattijo mai ciwo magana irin wannan ya taimake ni. Ku zage ni in kun so, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. Kwalin na ƙarƙashin gadona, ɗazu na sa ruwa da sabulu na dirje sitikar har yatsana ya yi ja, ko harafi ɗaya bai fita ba.