Ƙafar 'Yata Na Yafe, Ba Titin Ba

Zuwa ga Shugaban Direbobin Tashar Garinmu, da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ina gajiya, ya iyali, ya jama'ar tasha, ya kuma haƙuri da mu? Allah ya yi riƙo da hannunka, ya tsare mana matafiya, amin.

Sunana Sale, maɗinkin Unguwar Tsamiya. Kai kam Alhaji ba sai an gabatar maka da ni ba, kaftanin da ka je Idi da shi bara a zaurena aka yanka shi. Amma tunda a fili na rubuta wannan takarda, kuma za ta faɗa hannun waɗanda ba su san mu ba, bari in faɗa: ni ne uban Rumasa'u, yarinyar da motar tasharku ta buge a ƙofar gidanmu. Na zo ofishinka na faɗa da baki, na aiko yayana, na bi ta wajen mai unguwa. Duk zuwa sai a ba ni benci da ruwan sanyi, a ce in sha Allahu za a duba. Na gode da ruwan, amma wallahi na gaji da zuwa. Shi ya sa yau na rufe keken ɗinki na ɗauki biro.

Na ɗaya, maganar layinmu. Da can turɓaya ce, ba mai bi sai jakuna da amalanke da masu babur jefi-jefi. Da aka zuba mana kwalta murna muka yi, har ni da nake wannan ƙorafi, don na huta da goge wa kayan mutane ƙasa. Ba mu san cewa mun zama yanke ba. Babbar hanya ta bi ta bakin kasuwa, akwai cunkoso, akwai masu tura baro, akwai 'yan tireda da suka ci rabin titi. Namu layin kuwa ya miƙe sambal har ƙofar tasha. Gidaje ne dama da hagu, ƙofa na kallon ƙofa, ga makarantar Islamiyya a tsakiya. In yaro ya fito daga zaure, ƙafarsa ta gaba a kan kwalta take sauka.

Na biyu, dalilin gudun. Ni fuskar kekena titi take kallo, tun hantsi har duhu, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Direbobinku ba mahaukata ba ne, kuma ba duk yini suke gudu ba. Da safe lafiya lau suke wucewa, wasu har su ɗaga mini hannu. Daga la'asar sakaliya zuwa magariba ne abin ke lalacewa, musamman jajibirin kasuwa. Ka fi ni sanin dalili. A tasharku, wanda hancin motarsa ya riga shiga ƙofa da yamma shi ɗan kamasho ke ba layi, shi zai yi lodin farko gobe da asuba, lokacin da mutanen Gude da Jama'a da sauran ƙauyuka suka cika tasha da buhunansu. Wanda ya makara sai ya yini yana jiran fasinja su taru ɗaya-ɗaya, ga mai mota yana jiran balas ɗinsa da dare. To motocin da suka taso daga Kano a jere, suna shigowa gari sai kowa ya karya kan mota ya faɗo layinmu ya take totur. Na sha ganin biyu sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kowa na danna oda, ba mai niyyar sassautawa. Tseren ku kuka ƙirƙire shi, a ƙofar gidajenmu ake yin sa.

Na san masu babur ma suna gudu, da 'ya'yan masu hali da ke koyon tuƙi da motar ubansu. Waɗannan ban san wanda zan rubuta wa ba. Naku kuwa suna da shugaba, kuma suna jin maganarsa.

Na uku, abin da ya faru. Tun zamanin iyayenmu muna ciyayya a layin nan. Bayan sallar magariba mazan unguwa kan haɗu a ƙofar gidan Malam Isa, tsallaken titi daga gidana, kowane gida ya aiko da kwanonsa a ci tare. Mai nama da mai gaya duk tabarma ɗaya, ba wanda ya san na wa aka fara buɗewa. Yara ne ke kai kwanukan kafin a kira salla. A gidana aikin Rumasa'u ne, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Shekararta bakwai a lokacin. Takan ɗora kwanon a ka ta saki hannu ɗaya don in ga ta iya.

Ran nan jajibirin kasuwa ne, ina haɗa wuyan wata riga. Ta wuce ta gabana da kwano, na ce ta kama da hannu biyu, ta yi dariya ta fita. Ban ji ƙarar birki ba, Alhaji, don ba a taka ba sai bayan an gama. Abin da na ji shi ne murfin kwano yana gangarawa a kan kwalta. Da na fito, ga tuwo can, ga miya can, ga 'yata a bakin kwata ƙafarta ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Motar da ta buge ta ta tsaya. Wadda suke tseren da ita ta wuce abinta, kuma na ji daga baya ita ta samu layin.

Direban yaro ne, Habu, bai daɗe da aure ba. Shi ya ɗauke ta da hannunsa yana kuka kamar mace, shi ya kai mu asibiti. Ba na ƙin sa, har gobe in ya gaishe ni ina amsawa. Cinya ce ta karye. Muka yi jinyar asibiti, muka dawo, muka ƙara da wani maɗori daga wajen Mainika. Uwarta ta kwashe damina guda tana ɗaga ta tana kwantarwa. Alhamdu lillahi ta miƙe, amma ƙafar ta gajarta, da ɗingishi take tafiya, kuma likita ya ce haka za ta zauna.

Na huɗu, maganar yafiya, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Washegarin abin kuka zo da hantsi, kai da dattawan tasha da liman da mai unguwa. Kuka jajanta, kuka kawo abin da kuka kawo na magani, Allah ya saka. Liman ya yi nasiha, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma wanda ya yafe Allah zai yafe masa. Ni ɗan Musulmi ne, kuma ba a tara mini furfura a zaure in watsa musu ƙasa a ido. Na ce na yafe duniya da lahira. Yayana ya je wajen hukuma ya ce mun sasanta a gida, aka saki yaro da mota. Kai kuma ka dafa kafaɗata, a gaban kowa, ka ce daga yau duk wanda ya sake gudu a layin nan da kai yake yi.

An ɗan kwana biyu ana bin layin kamar masu rakiyar gawa, ba zan ɓoye ba. Amma kafin Rumasa'u ta ajiye sanda an koma gidan jiya. Yanzu in na je tasha ina jin ana cewa a bayana, ai ya yafe, me kuma yake nema? Wani ɗan kamasho ma, sa'an ƙanena, ya dube ni ya ce in killace 'ya'yana, titi ba tsakar gidana ba ne. Na juya na kama hanyar gida, don ba ni da sauran ƙarfin cacar baki. Amma bari in faɗa a nan kowa ya ji. Ƙafar 'yata na yafe, don ita ce tawa, ita ce kuma abin da ya riga ya wuce. Ban yafe titin ba. Ba ni da ikon yafe ƙafar ɗan Malam Isa wadda ba a karya ba tukuna. Ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita, amma ba ƙaddara ce ke raba layi a ƙofar tasha ba.

Na biyar, kada a ce mun zauna mun naɗe hannu. Samarin unguwa sun kwaso jar ƙasa da duwatsu suka yi tudu a tsakiyar titi don a rage gudu. Mu manoma ne, tada ƙasa ba ya ba mu wuya. Sai direbobi suka koma kauce wa tudun, suna bi ta gefe, ta jikin dakalin da yara ke zama su yi tilawa. Da muka ga taya na shafar dakali, da hannunmu muka baje tudun. Mun jera tsofaffin tayoyi, aka bi ta kansu. Malamar Islamiyya, baiwar Allah mai ciwon gwiwa, ita ke tsayawa tsakiyar titi da hijabinta tana ɗaga hannu in an tashi yara, ana danna mata oda kamar ta tare hanyar sarki. Daga nan na gane cewa duk abin da za mu tara a kan kwalta ba zai yi magani ba, tunda ciwon yana can ƙofar tasha.

Ga halin da muke ciki yau. Ciyayyar da ta girme ni ta rabu biyu, 'yan gabas da titi daban, 'yan yamma daban, don ba uwar da za ta sake ɗora wa ɗanta kwano ta ce tsallaka. Ni da Malam Isa sai dai mu ɗaga wa juna hannu. Rumasa'u ba ta tsallaka titin nan sai na ɗauke ta, ga shi ta yi nauyi. In ta ji mota ta taso da ƙarfi, ko tana cikin ɗaki, sai ta toshe kunnuwa. Wannan duk na haɗiye.

Abin da ya hana ni barci shi ne ƙaninta, Auwalu. Bai daɗe da fara tafiya ba, kuma Allah ya yi shi da son waje, da ya ga haske a ƙofa sai ya nufe ta. Lokacin da uwarsa ke tuƙa tuwo shi ne daidai lokacin tserenku. Hannunta biyu ne, ba za ta riƙe muciya ta riƙe yaro ba. Sai ta ɗaura masa zane a ƙugu ta ƙulle ɗaya bakin a jikin turmi, kamar yadda ake turke ɗan akuya da damina. Ranar farko da na gani na yi mata faɗa, ta ce to in kawo wata dabarar. Ba ni da ita. Shekaranjiya ina cikin ɗinki na ji an dafa mini ƙafa. Na duba, sai ga Auwalu a zaure, zanen na jan ƙasa a bayansa, ya kwance ƙullin. Ni ya fara biyowa, don ya ga kekena yana juyawa. Da ƙofa ya fara nufa, ban san abin da zan rubuta maka yau ba.

Saboda haka ga roƙona, ranka ya daɗe, kuma ba na neman ko sisi.

Ku canza yadda ake ba da layi. A bi jerin da motoci suka taso daga Kano, wanda ya riga tashi shi ne gaba, ko da ya iso a ƙarshe. Kowane ɗan kamasho yana da waya a aljihu, na can ya kira na nan ya faɗa masa. In gudu ya daina sayen lodin asuba, ba wanda zai ƙona mansa a banza. Ni ba direba ba ne, wataƙila akwai abin da ban hango ba. In haka ne ku nemo wata hanyar, ku kuka san aikinku, amma a raba layin da tsere.

Wanda kuma aka gani yana gudu a cikin unguwa, a hana shi lodi. Na san kuna iyawa, don na ga yadda kuke dakatar da direban da ya ɗebi fasinja a bakin hanya bai shiga tasha ba, ba a ko kwana. Ku ba yaranmu darajar da kuke ba fasinjan nan.

Sai na ƙarshe, ka zo da kanka. Jajibirin kasuwa mai zuwa, bayan la'asar, ka zo zaurena ba tare da ka sanar da kowa ba. Zan ba ka benci da ruwan sanyi kamar yadda kake ba ni, ka zauna zuwa magariba ka kalli titi. Gani ya kori ji. Ba zan ce ka zo da jikanka ba, don ni kaina ba zan yarda a kawo shi ba.

Allah ya ba ka ikon cika alkawarin da ka ɗauka a gaban liman. Allah ya kai direbobinka gida lafiya, ya ba su halalinsu cikin sauƙi, ya raya musu 'ya'yansu da ƙafafunsu biyu daidai. Ka yi mini afuwa in na yi kaushin harshe, gajiya ce. Uwar Auwalu ta koma yi masa ƙulli biyu, amma yaron kullum ƙara wayo yake yi, kuma ni ba ni da wata yafiyar da ta rage da zan bayar.

Wassalam.

Naka,
Sale Maɗinki,
Unguwar Tsamiya.