Ranar da Awal Ya Bar Wuƙa Ta Faɗi

Sokodé, 3 ga Maris

Ridwan Katanga,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, ina zafin Dapaong? Ga kilishi nan a hannun Bukari direba. In ya iso rabi, ka san inda sauran ya shiga.

Ka tambayi abin da nake yi tun da gwiwa ta kore ni daga tsaron raga. Na koma rumfar Baba, ina koyon fawa da shekara talatin da biyar. Idonsa ya yi rauni, ya ce kafin Babbar Salla zai miƙa wuƙar kakanmu, ko gare ni ko ga Jibril ɗan ƙanensa. Ina son wuƙar nan fiye da kofin da ya kuɓuce mana a Lomé.

Sai dai hankalina ba ya zama. Da azahar in kasuwa ta lafa, hayaniyar masu doya sai ta koma mini ihun 'yan kallo. Ciyawa ta tsiro tsakanin tebura, in hango ka gabana da lamba huɗu a baya, balo, wato ƙwallo, na saukowa a hankali kamar ba ya son isowa. Sai Baba ya taɓa ni ya ce mai saye na jira.

Ka gaida uwargida Farida.
Awal

Dapaong, 12 ga Maris

Gardiyan,

Wa alaikumus salam, mai tsaron ragarmu. Kilishi ya iso rabi, Bukari ya rantse ɓera ne.

Shekara goma sha huɗu ko buhu ba ka ɗauka don kada yatsa ya goce, yau kai ne a bakin wuƙa? Ni ma ban warke ba. A gonar tumatirina ta Bombouaka nakan tsinci kaina ina ɗaga wa shuka hannu su matso layi ɗaya. Amma tumatir ba ya yanka mutum. Wani kulob a nan na neman mai koya wa masu tsaron raga, na ba su sunanka. Ka taho, ka bar wa Jibril nama.

Naka har kullum,
Ridwan

Sokodé, 2 ga Afrilu

Yaya Ridwan,

Gaisuwa da fatan alheri. Husseina ce, matar Awal. Ni nake rubutu don hannunsa na dama a naɗe yake.

Ranar Litinin wuƙa ta suɓuce daga tebur. Duk mahaucin da ke wurin ya ja da baya, don abin da ake fara koya musu ke nan: in ta faɗi, a bar ta. Shi kuwa abokinka ya yi tsalle ya cafe ta tun ba ta kai ƙasa ba. Ɗinki tara. Ya ce shi bai ga wuƙa ba, abu kawai ya gani zai wuce shi.

Baba bai yi faɗa ba. Ya ce dai, "Hannun da ba ya iya saki, ba na ba shi wuƙa." Wannan magana ta fi yankan yi wa Awal ciwo. Yana zaune a zaure da tsofaffin safar hannunsa na tsaron raga a cinya, yana murmushi shi kaɗai. Tsoro nake ji, Yaya. Don Allah ka daina kiransa zuwa kulob ɗin nan.

Ka huta lafiya.
Husseina

Dapaong, 9 ga Afrilu

Gardiyan,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na karanta na yi dariya, daga baya na yi hawaye. Husseina ta ce in yi shiru, zan yi. Kulob dai za su jira har Salla, ni ma haka.

Ridwan

Sokodé, 20 ga Mayu

Katanga,

Salama da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, yatsun ba su gama miƙewa ba.

Jiya da hantsi Baba na wasa wuƙar, sai na ga ta bar hannunsa. Har yanzu ban sani ba ko suɓucewa ta yi. Ta yi ta juyawa a iska, na ji filin nan duka ya miƙe tsaye yana kiran sunana. Na mai da hannuwana baya, na ja ƙafa. Ta faɗi.

Baba ya ce, "Ɗauki abinka."

Tunda nake ban taɓa barin abu ya wuce ni aka sa mini albarka ba sai jiya. Ga safar hannuna nan wurin Bukari, ka ba wanda kulob suka ɗauka. Wannan karon ka ƙirga, biyu ne.

Awal mahauci